Fashin Baƙi: Me Ya Ɗaukaka Turancin Ingilishi A Duniya, Sauƙinsa Ko Ƙarfin Masu Shi?

A shekarar 2025, ƙasashe uku na Afirka ta Yamma sun yanke hukunci a kan harshe, kowace ta fuskanci wata alƙibla. A ƙarshen watan Maris, Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ta sauke Faransanci daga kujerar da ya daɗe a kai, ta jera shi da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. A watan Oktoba, ministan ilimin Ghana, Haruna Iddrisu, ya ba da umarnin a riƙa koyar da ƙananan yara da harshen uwa. Wata guda bayan haka, takwaransa na Najeriya, Tunji Alausa, ya soke manufar 2022 ta koyar da 'yan firamare da harshen uwa, ya ce Ingilishi ne harshen koyarwa tun daga ajin farko har jami'a.

Muhawarar da ta biyo baya ta tsaya a kan tambayoyi biyu da ake yawan haɗe su. Ta farko: shin akwai wani abu a jikin Ingilishi da ya sa ya fi sauran harsuna dacewa da kimiyya da kasuwanci? Ta biyu: idan har ana bukatarsa, dole ne a koyar da yaro komai da shi kafin ya iya shi? Amsoshin ba ɗaya ba ne, kuma wanda ya haɗe su yakan yi kuskure a duka biyun.

Sunayen da ake cakuɗawa

Harshen uwa shi ne wanda yaro ya buɗi baki da shi. Harshen hukuma shi ne wanda doka ko al'ada ta ce da shi za a rubuta dokoki, a yi shari'a, a ajiye takardun gwamnati. Harshen ƙasa matsayi ne na girmamawa da shaidar asali, yana iya zama na hukuma, yana iya ƙin zama. Harshen aiki shi ne wanda ma'aikata ke amfani da shi a ofis yau da gobe. Harshen koyarwa kuwa shi ne wanda malami ke bayanin lissafi ko kimiyya da shi, kuma daban yake da harshen da ake koyarwa a matsayin darasi.

Akwai kuma harshen hulɗa, wanda mutane biyu masu harsuna daban suke haɗuwa a kansa. Wannan shi ne babban aikin Ingilishi a yau. Ana ƙiyasta masu jinsa sun kai biliyan ɗaya da rabi, amma waɗanda suka sha shi a nono ba su cika miliyan 400 ba. Sinancin Mandarin da Sifaniyanci duk sun fi shi yawan 'yan asali. Ke nan a cikin kowane mutum huɗu masu jin Ingilishi, uku koyonsa suka yi. Idan Bajamushe da ɗan Koriya suka zauna cinikin injin, da shi za su yi magana alhali babu Bature ɗan Ingila ko ɗaya a ɗakin. A lura kuma, mutanen duniya sun haura biliyan takwas, don haka kusan huɗu cikin biyar ba sa jinsa.

Da gaske ya fi sauƙi?

Yana da sauƙi ta wasu fuskoki, wannan babu musu. Sunayen abubuwa ba su da jinsi, saɓanin Faransanci da Larabci da ita kanta Hausa, inda dole mai koyo ya san riga mace ce, wando namiji. Yawancin jam'i da harafi ɗaya ake yinsa a ƙarshen kalma, alhali Hausa na da salon jam'i birjik: gida gidaje, hula huluna, ƙasa ƙasashe. Ba shi da karin sauti mai sauya ma'anar kalma. Shi ya sa mai koyo kan fara haɗa gajerun jimloli cikin 'yan makonni.

Wahalar tana gaba. Haruffa 26 ne ke ɗauke da sautuka kusan 44, kuma rubutun bai bin furuci. Kalmomin though, through, tough da cough duk sun ƙare da haruffa huɗu iri ɗaya, kowace da furucinta. Dalili shi ne an fara buga littattafai a Ingila a 1476, rubutu ya fara daskarewa, a daidai lokacin da furucin wasulan harshen ke sauyawa, sauyin da ya ɗauki ƙarnuka. Rubutu ya tsaya a baya, baki ya yi gaba. Sai kuma aikatau kusan 200 da ba sa bin ƙa'ida, da ɗaruruwan aikatau masu haɗuwa da ƙaramar kalma su ba da ma'anar da ba a iya hasashenta. Binciken da aka yi a ƙasashen Turai ya nuna yaran da ke koyon karatu da Ingilishi sun fi na Italiya da Finland daɗewa kafin su iya haɗa baƙi, saboda su can abin da aka rubuta shi ake faɗa. Ta wannan fuska rubutun bokon Hausa ya fi na Ingilishi tsari nesa ba kusa ba.

Ana kuma cewa yana da yalwar kalmomi. Haka ne, amma aro ne ya kawo yalwar: fiye da rabin kalmominsa daga Latin da Faransanci suka fito, akwai na Girkanci, akwai na Larabci irin su sunan aljabara da sukari da auduga. Ba shi da wata hukuma mai tsaron ƙofa kamar cibiyar da Faransa ta kafa wa harshenta a 1635, don haka yana haɗiye abin da ya samu. Ƙamus ɗin Oxford ya shigar da Kannywood da okada a 2020, daga baya ya ƙara suya. Wannan halin karɓa ƙarfi ne na gaske. Sai dai kowane harshe yana iya yinsa in an ba shi aikin da zai bukaci sababbin kalmomi.

Daga harshen talaka zuwa harshen daula

Wanda ya ga Ingilishi a ƙarni na 12 ba zai yi masa zaton komai ba. Bayan Normawa daga arewacin Faransa sun ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da kotu, Latin na coci da ilimi, Ingilishi na manoma da bayi. Sai a 1362 aka yi dokar da ta ce a riƙa shari'a da shi. Ko a 1687, Isaac Newton da Latin ya rubuta babban littafinsa na kimiyya. Wajen shekarar 1600, masu jin Ingilishi ba su wuce miliyan biyar zuwa bakwai ba, kusan dukansu a tsibiri ɗaya.

Jiragen ruwa da bindiga da kamfanoni ne suka fitar da shi. An kafa kamfanin cinikin Gabashin Indiya a 1600, aka kafa zangon Jamestown a Amurka a 1607. A wasu wurare, kamar Amurka da Ostireliya, baƙin ne suka mamaye ƙasa suka kawar da harsunan 'yan asali. A wasu, kamar Indiya da Najeriya, Turawan ba su da yawa, sai suka horar da 'yan ƙasa kaɗan su zama akawu da tafinta. Thomas Macaulay ya faɗi manufar ƙarara a takardarsa ta 1835 kan ilimi a Indiya: a samar da wani rukuni da zai tsaya tsakanin masu mulki da miliyoyin da ake mulka. Zuwa 1920, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na doron ƙasa da mutanenta na ƙarƙashin Birtaniya.

Abin da ya bambanta Ingilishi da Faransanci ko Fotugisanci shi ne, da daular farko ta tsufa, wadda ta gaje ta, wato Amurka, harshensu ɗaya. A 1919 aka rubuta yarjejeniyar Versailles, ta zaman lafiya bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, da Faransanci da Ingilishi tare, abin da ya karya al'adar da ta bar wa Faransanci fagen diflomasiyya shi kaɗai. Bayan 1945 Turai ta rushe, Amurka na ƙera kusan rabin kayan masana'antun duniya, kuma a ƙasarta aka kafa hedikwatar Majalisar Ɗinkin Duniya da Bankin Duniya da Asusun Lamuni. Fina-finai da waƙoƙi suka bi baya.

Bahaushe bai kamata ya yi mamakin wannan ba, domin harshensa ma ta irin wannan hanya ya yaɗu: fatauci ya kai shi zangunan Kumasi da Accra, hanyar Hajji ta kai shi Sudan, aikin soja da mulkin En'e suka ƙara masa fili, har yau yana haɗiye ƙananan harsuna a Bauchi da Filato. Babu wanda ya koyi Hausa a Salaga ta Ghana don nahawunta ya burge shi.

Ƙofofin da aka kulle da shi

Ƙarfin Ingilishi a yau yana cikin ƙa'idojin da aka rubuta, waɗanda sauya su ya fi barinsu tsada. Sufurin jiragen sama ne misali mafi bayyana. Hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, wadda ta samo asali daga taron Chicago na 1944, ta tanadi cewa dole a iya magana da Ingilishi tsakanin matuƙi da hasumiya a zirga-zirgar ƙasa da ƙasa. A ranar 27 ga Maris 1977, jirage biyu ƙirar Boeing 747 na kamfanonin KLM da Pan Am suka yi karo a kan titin tashi a tsibirin Tenerife, mutum 583 suka mutu. Cikin dalilan akwai hazo, akwai saƙonni biyu da suka hau kan juna a rediyo, akwai kuma wata jimla mai harshen damo da ta sa matuƙi ya ɗauka an ba shi izinin tashi, hasumiya kuwa ta ɗauka yana jira. Bayan haka aka tsaurara ƙa'ida: kalmar tashi ba a furta ta sai lokacin bayar da izini ko soke shi, kuma matuƙi yakan maimaita umarnin da ya ji. Ko lambobi an gyara musu furuci, tara ana cewa niner don kada ta rikice a rediyo. Daga 2008 aka wajabta gwajin harshe mai matakai shida, mafi ƙarancin abin karɓa mataki na huɗu. Ana auna furuci, ginin jimla, kalmomi, sakin baki, fahimta da iya musayar magana, kuma inda mutum ya fi rauni shi ne makinsa. Mai mataki na huɗu sai ya riƙa sabunta gwajin bayan 'yan shekaru. Jiragen ruwa ma suna da tsayayyun jimlolinsu da aka amince da su a 2001.

Kimiyya ta bi wata hanya. Kafin 1914, mai son ilimin sinadarai dole ya iya Jamusanci. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya aka ƙaurace wa masanan Jamus a tarukan duniya na wasu shekaru, daga 1933 kuma gwamnatin Nazi ta kori ɗimbin masana, da yawansu suka sauka a Amurka da Birtaniya. A yau fiye da tara cikin goma na maƙalun kimiyya a manyan mujallu da Ingilishi ake buga su. Malamin jami'a a Alkahira ko Seoul ya san ƙarin girmansa na rataye da yawan masu ambaton aikinsa, masu ambaton kuma Ingilishi suke karantawa. Kowa ya shiga, sai ya ƙara wa na bayansa dalilin shiga.

Kwamfuta kuma a Amurka ta girma. Tsarin haruffa na ASCII da aka fitar a 1963 alamomi 128 kawai ya tanada, daidai bukatar Ingilishi. Babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ. Tsarin Unicode na 1991 ya buɗe wa sauran harsuna hanya, amma tabon yana nan: saƙon tes na waya yana ɗaukar haruffa 160, da zarar an sa harafi mai lanƙwasa ɗaya sai ya koma 70, a caji mutum kuɗin saƙo biyu ko uku. Kusan rabin shafukan intanet da Ingilishi suke, haka umarnin yawancin harsunan rubuta manhaja da littattafan gyaran injina.

Har ƙungiyoyin da babu Ingila a cikinsu sun riƙe shi. Harshen aikin ƙungiyar ASEAN ta kudu maso gabashin Asiya ke nan. Tarayyar Turai ta ci gaba da aiki da shi bayan ficewar Birtaniya a 2020. Ruwanda ta koma gare shi a 2008, Gabon da Togo da Faransa ta raina suka shiga Commonwealth, ƙungiyar ƙasashe renon Ingila, a 2022, Aljeriya ta fara koyar da shi a firamare a 2022 ɗin.

Yadda ya iso ƙasar Hausa a makare

An buɗe makarantar sakandare ta mishan ɗin CMS a Legas a 1859. A Arewa, Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar Nassarawa a Kano a 1909, kuma da Hausa aka fara. Kwalejin Katsina, wadda ta yaye Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello, sai a 1922 aka buɗe ta. Turawan mulki sun taƙaita shigar mishan masarautun Musulmi, suka gudanar da mulkin En'e da Hausa, suka ƙarfafa rubutun boko, har aka kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Hausa ta amfana, ta samu adabi da daidaitaccen rubutu. Amma da aka zo rabon aikin gwamnatin tarayya, wanda ya iya Ingilishi ne ya samu kujera, kuma Kudu ta riga da shekara sittin.

Bayan 'yanci, Najeriya, ƙasa mai harsuna fiye da 500, ta riƙe Ingilishi saboda ba na kowa ba ne a cikinta. Sashe na 55 na tsarin mulkin 1999 ya ce Majalisar Tarayya za ta yi aiki da Ingilishi, da kuma Hausa, Ibo da Yarabanci idan an yi tanadin da ya dace. Har yau ba a yi tanadin ba. Indiya ma ta so maye gurbinsa da Hindi a 1965, tarzomar da ta ɓarke a yankin Tamil ta sa aka fasa.

Koyon Turanci daban, koyo da Turanci daban

Nan ne gizo ke saƙa. Holan da ƙasashen Skandinabiya ne kan gaba wajen iya Ingilishi a cikin waɗanda ba harshensu ba ne, amma da harsunansu suke koyar da lissafi da kimiyya a firamare. Ingilishi darasi ne, a hannun malamin da ya ƙware. Japan da Koriya ta Kudu da Sin da Turkiyya sun gina masana'antu da harsunansu, suka ware masu bukatar Ingilishi suka horar da su.

Lissafin abin yana da sauƙin bi. Masana koyar da harshe sun nuna cewa kalmomi 2,000 da aka fi amfani da su suna rufe kusan kashi 80 cikin ɗari na rubutu na yau da kullum. Kashi 80 kamar da yawa, amma ma'anarsa kalma ɗaya cikin biyar baƙuwa ce, wato biyu a kowane layi. Kafin mutum ya karanta littafi shi kaɗai ya gane, sai ya san kusan kashi 98, abin da ke bukatar tushen kalmomi 8,000 zuwa 9,000. Binciken Jim Cummins a Kanada ya nuna yaro baƙo kan iya Turancin wasa da hira cikin shekara biyu, amma na karatu yakan ɗauki shekara biyar zuwa bakwai, kuma wannan a garin da kowa ke magana da shi ne. Hukumar jarrabawar Ingilishi ta Cambridge na ƙiyasta awa 500 zuwa 600 na ingantaccen darasi kafin a kai matakin da ake iya bin karatu. Idan makaranta na yin darasin minti 40 sau biyar a mako, mako 36 a shekara, awa 120 ke nan. Shekara biyar cur, in malami ya zo kullum kuma ya iya abin da yake koyarwa.

To ga ɗan aji ɗaya a ƙauyen Jigawa, wanda bai taɓa jin Ingilishi a gida ko kasuwa ba. An ɗora masa aiki uku a lokaci guda: ya gane cewa alama a allo tana wakiltar sauti, ya koyi sabon harshe, ya kuma fahimci darasin. Abin da ke faruwa a aji sananne ne. Malami ya rubuta jimla a allo, ya karanta, yara su amsa da ƙarfi sau biyar, ya yi bayani da Hausa, su kwafe a littafi. Ranar jarrabawa tambaya ta zo da Ingilishi. Yaron da ya haddace ya ci, wanda ya gane amma bai iya rubutawa ba ya faɗi. A ƙarshen firamare ba ya iya karanta Hausa, ba ya iya karanta Turanci, an yi ba wan ba ƙanin.

An gwada ɗaya hanyar a Najeriya. Daga 1970, Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa a jami'ar Ife suka koyar da wasu yara dukan darussa da Yarabanci tsawon shekara shida, Ingilishi kuma ƙwararren malami ya koyar da shi a matsayin darasi. Yaran ba su gaza takwarorinsu a Ingilishi ba, sun kuma fi su a sauran darussa. Malesiya ta gwada akasin haka: ta mayar da lissafi da kimiyya zuwa Ingilishi a 2003, ta yanke shawarar janyewa a 2009 bayan ta ga 'yan karkara na ƙara komawa baya.

Hujjar kowane ɓangare

Masu goyon bayan matakin Najeriya ba su rasa abin faɗa ba. Aji ɗaya a Jos ko Kaduna ko Fatakwal na iya ƙunsar yara masu harsuna goma, da wanne za a koyar? Yawancin harsunan ƙasar ba su da littafin kimiyya ko na aji uku. Kwalejojin ilimi ba su horar da malaman koyar da lissafi da Fulfulde ko Kanuri ba. Ƙananan ƙabilu na tsoron a fake da harshen uwa a ɗora musu Hausa ko Yarabanci. Ga kuma masu hali da ke kai 'ya'yansu makarantun kuɗi na Turanci zalla, don haka talaka na zargin ana so a bar nasa ɗan a baya. Wannan zargin yana da tushe, kuma duk manufar da ta yi biris da shi ba za ta samu karɓuwa ba.

Inda hujjar gwamnati ta yi rauni shi ne jingina faɗuwa a WAEC da NECO da JAMB ga koyarwa da harshen uwa. Ɗalibin da ya zauna WAEC a 2025 ya bar firamare a 2019, shekara uku kafin a sanar da manufar, wadda ko littattafanta ba a raba ba. Tsohuwar manufar ilimi ta 1977 ta ce a yi shekara ukun farko da harshen yankin, amma ita ma a takarda ta fi zama. Ba a iya ɗora wa maganin da ba a sha ba laifin ciwo. Matsalar da ta fi kusa ita ce malami: a 2017 gwamnatin Kaduna ta ce malaman firamare 21,780 cikin kimanin 33,000 sun kasa cin gwajin da aka tsara a matakin aji huɗu. An yi ta ja-in-ja kan yadda aka yi gwajin, amma ko an rage adadin da rabi, umarnin minista ba zai sa wa malami harshen da ba shi da shi a baki ba.

Inda abin ke taɓa aljihu

Ga iyali, Ingilishi shinge ne mai lamba. Babu shiga jami'a sai da kiredit a cikinsa, ko da Hausa ko Larabci mutum zai karanta. A JAMB, tambaya 60 cikin 180 nasa ne. A WAEC, insha'i na da maki 50: goma na abin da aka faɗa, goma na tsari, ashirin na iya sarrafa harshe, goma na tsabtar rubutu, inda kowane kuskuren harafi ko aya ko nahawu ke cin rabin maki. Kuskure ashirin a rubutun kalma 450 ya cinye goman nan ƙaf. Sashen taƙaitawa na da maki 30, kuma a nan ɗalibai suka fi zubewa, saboda sukan kwafo jimlar marubuci sukutum maimakon su faɗa da kalmominsu. Gwajin furuci kuwa a takarda ake yinsa, babu mai buɗe baki. Ɗan Hausa yakan yi tuntuɓe a wurare sanannu: bambanta p da f, baƙaƙe biyu ko uku a jere ba wasali, da wasula kusan 20 alhali ya saba da biyar masu tsawo da gajarta. Duk waɗannan ana gyara su da saurare da maimaici, ba da haddar ƙa'ida ba.

Mai son fita waje kuma gwajin iya Ingilishi na IELTS na jiransa: saurare, karatu, rubutu guda biyu na kalma 150 da 250, da hira ta minti 11 zuwa 14. Maki daga sifili zuwa tara ne. Hukumar ma'aikatan jinya ta Birtaniya na neman 7 a sassa uku da 6.5 a rubutu. Sakamakon shekara biyu yake aiki, kuɗin zama ɗaya ya ninka mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 fiye da sau uku, kuma a jerin ƙasashen da Birtaniya ta ɗauke wa 'yan ƙasarsu gwajin harshe wajen biza babu ta Afirka ko ɗaya. Koyar da harshen da gwada shi kasuwa ce babba, ribarta kuma ba nan take zama ba.

Bai kamata a zuzuta shi fiye da kima ba. Ɗan kasuwar Kantin Kwari da ke sayayya a Guangzhou ko Dubai da kalkuleta da tafinta yake ciniki, mai kai kaya Maraɗi da Agadas Hausa ta ishe shi, mai neman karatu a Madina Larabci zai nema. Ingilishi ya fi biya a aikin albashi, likitanci, injiniyanci, shari'a, da aikin intanet.

Na'ura za ta rage masa ƙarfi?

Google ya sa Hausa cikin manhajarsa ta fassara a 2013, kuma manhajojin ƙirƙirarriyar basira na yau suna fassara takarda cikin daƙiƙa. Wannan zai rage wa mai sayayya da mai karanta labarai bukata. Sai dai mafi yawan rubutun da aka horar da su da shi na Ingilishi ne, don haka sun fi ƙwarewa a cikinsa, a Hausa kuwa sukan rikita jinsi, su fassara karin magana kalma da kalma. A takardar magani ko yarjejeniyar kuɗi, inda kuskuren kalma ɗaya ke jawo asara, har yanzu sai an samu mutum mai jin harsunan biyu ya duba ya sa hannu.

A Nijar, aikin da sabon matsayin ya haifar ya fi sanarwar nauyi. Ingilishi a makarantun gwamnati daga ajin farko na kwaleji ake fara shi, dokoki da takardun kotu da na ma'aikatu da Faransanci suke, manyan ma'aikata da shi aka horar da su. Kafin Hausa ta zama harshen da ake rubuta hukunci da shi, Ingilishi kuma ya zama na aiki a ofis, sai an samar da malamai da masu fassara da ƙamus na shari'a da na kiwon lafiya, kuma mafi kusan wurin da za a nemo masu jin Hausa da Ingilishi tare shi ne jami'o'in Sakkwato da Katsina da Kano.